Ina Za Ku Kwana?



A farkon bazarar bana, bayan sallar la'asar, samari biyar daga cikin 'ya'yan unguwarmu suka yi sallama a zauren Maigida, dattijon Hausawan da muke yi wa aikin magatakarda a nan Malanbil. Suka tuɓe takalma, suka durƙusa suka yi gaisuwa, sannan babbansu, wanda ke karatu a jami'ar Paraku, ya faɗi abin da ke tafe da su. Suna son a ba su takardar shaida domin su yi tafiyar ƙasa, su bi gaɓar Kwara daga Malanbil har Pekinga, inda kogin Mekuru ke zuba ruwansa a cikin babban kogi, a bakin Gandun Dajin W. Sun ƙiyasta kwana biyar. Sun sayi tanti biyu na gwanjo a kasuwa, sun tanadi gari da ƙuli-ƙuli da sukari, kuma kowannensu na da taswira a cikin wayarsa.

Maigida ya saurare su har suka kai aya, sannan ya ce, "Madalla. To, ina za ku kwana?"

Babban ya ce, "Ranka ya daɗe, ai muna da tanti. Duk inda dare ya yi mana sai mu kafa."

Maigida ya juyo ya dube mu, muka sunkuyar da kai, domin mun san inda maganar ta dosa. Ya ce mu shiga ɗaki mu ɗauko baƙin littafi.

Ba mu ga laifin yaran ba, abin da suka gani a waya ne ya ja hankalinsu. Sun nuna mana hotunan wata hanya a Afirka ta Kudu da ake kira Otter Trail, wadda ke bin bakin teku a cikin dajin Tsitsikama. Tafiyar yini biyar ce da kwana huɗu, mutum 12 kacal ake bari su kama hanya a kowace rana, kuma a ƙarshen kowane yini akwai bukkokin katako guda biyu suna jiran matafiyan, waɗanda suka riga suka biya kuɗi aka rubuta sunayensu tun kafin su baro gida. Akwai ma kogin da ba a ƙetarawa sai lokacin da ruwan teku ya janye. Muka ce da samarin su ƙara duban hotunan da kyau. Waɗannan mutane ma ba sa kwana inda dare ya yi musu. Kafin su ɗaga ƙafa an san inda za su kwanta, an kuma san wanda zai fita nemansu idan ba su iso ba. Kakanninmu sun daɗe da irin wannan tsari, sunansa a wurinsu zango.

Mu da ke zaune a wannan gari bai kamata a koya mana ma'anar zango ba, domin shi ne ya ajiye iyayenmu a nan. Tun kafin Faransawa su sauya wa Tasi suna, su laƙaba masa sunan gwamnansu Malan, ayarin fatake daga Kano da Sakkwato da Jega kan ƙetare Kwara ta wajen Illo da Gaya, su bi ta Kandi da Jugu, su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Tafiyar kan ci watanni. Madugu ne shugaban ayari, jagaba na gaba yana duba hanya, kuma babban ilimin da ake nema a wurinsu shi ne sanin inda za a sauka: wane gari ke da ruwa da ciyawar jakuna, wane sarki ke karɓar baƙi, nawa ake biya a mashigi, wane daji ne ba a yarda dare ya riski ayari a cikinsa. Unguwannin Zongo da ke Paraku da Kwatano da Kumasi daga wannan kalma suka samo suna.

Baƙin littafin da Maigida ya ce mu ɗauko rajista ce mai kaurin bango, wadda muka cika da ajami a watan Rabi'ul Awwal na 1429, daidai da Maris na 2008. A waccan shekara Maigida ya so ya san gidajen Hausawan da ke warwatse a garuruwa da tungayen bakin kogi, daga nan har Mekuru, saboda yawan shari'ar gado da ke zuwa zaurensa daga mutanen da bai san asalinsu ba. Mota ba ta bin gaɓa, yashi da fadama kan tsayar da babur, jirgin kasuwa kuwa yakan wuce ƙananan tungaye bai tsaya ba. Saboda haka ya tura mu da ƙafa, mu uku: mai wannan rubutu, da wani mahauci da ke jin Dendanci kamar ɗan gari, da wani almajiri matashi mai ɗaukar kaya. Kowa da tabarmarsa da sangensa da gorar ruwansa, ga buta ɗaya, tocila ɗaya, ƙwaryar goro biyu, da wasiƙu bakwai masu hatimin Maigida. Da yake nisan ya haura mil 48 da malaman Malikiyya suka gindaya, wato kimanin kilomita 80, mun fara ƙasaru tun da muka bar gidajen gari a bayanmu.

Zaɓen lokacin ma da dalili. Kwara tana cika sau biyu a wajenmu. Akwai cikar damina, ta jan ruwa, wadda Sota da Alibori da Mekuru da sauran rafuka ke kawowa a Agusta da Satumba. Akwai kuma ta biyu, wadda ke tasowa daga duwatsun Gini, ta daɗe tana jan jiki a fadamun Mali, ta iso mana a tsakiyar sanyi alhali babu ko ɗigon ruwan sama. Mai son bin gaɓa da ƙafa sai ya jira wannan ta fara ja da baya, ya kuma dawo kafin ruwan farko ya sauka. Abin da ya rage masa ke nan watannin zafi, don haka mukan tashi bayan asuba, mu yi tafiya har hantsi ya ɗaga, mu fake a gindin tsamiya, sai la'asar mu sake ɗaura ɗamara. A gefen kowane shafi na rajistar mun rubuta inda muka kwana da wanda ya saukar da mu, kuma waɗannan rubuce-rubucen gefe ne Maigida ya sa muka karanta wa samarin.

Daren farko a Molla muka yi shi, a zauren maigari. Ga ƙa'idar wannan irin masauki kamar yadda muka koye ta. Ka shiga gari da sauran rana, domin baƙon da ya zo cikin duhu ya riga ya sa wa kansa alamar tambaya. Ko da kana da ɗan'uwa a garin, fara zuwa ƙofar maigari, ka miƙa wasiƙa, ka ajiye goro, ka faɗi daga ina, zuwa ina, kwana nawa. Daga wannan lokaci ka shiga wuyan gari, abin da ya same ka ya same su. A daren nan akushi huɗu aka kawo mana daga gidaje huɗu, tuwon shinkafa da miyar kifi, da dambu, da fura. Sai dai zaure yana da nasa farashi. Ba ka da ikon kwanciya sai mutanen gari sun gama hira da kai, su tambayi farashin albasa a kasuwar Malanbil, su ba ka saƙonnin da za ka kai gaba. Da gari ya waye maigari ya haɗa mu da yaro ya raka mu har ƙarshen gonakinsu, ya kuma ambaci sunan wanda za mu nema a gari na gaba.

Muka ƙetare Alibori a kwalekwale, muka bi ta Kargi da Birni Lafiya, giginya na yi mana rakiya, muka kwana na biyu a Karimama a gidan wani Bakabe mai sayar da gishiri da kananzir. Wannan shi ne mai masauki irin na fatake. Ya ba mu ɗakin ƙofar gida, ya ajiye mana rabin kayanmu har mu dawo, ya canja mana manyan takardun kuɗi da ƙanana, ya kuma kai mu da kansa muka gaida hukuma. A bakinsa muka fara fahimtar halin ƙasar da za mu shiga. Mafi yawan ƙasar Karimama tana cikin gandun daji, mutane da gonaki da shanu duk sun matsu a siririn fili tsakanin kogi da iyakar gandu. Ya ce mu riƙa ajiye kogi a hannun damanmu, kada mu yarda inuwa ta ja mu zuwa hagu.

A dare na uku ne muka yi abin da samarin nan ke shirin yi. Mun ɓata lokaci a wasu tungaye biyu muna rubuta sunaye, rana ta yi ja alhali Kompa na da sauran nisa. Wata ya kusa cika, iska na kaɗawa daga ruwa, ga wani farin yashi da ya fara fitowa, ga wata gangara mai santsi da ta sauko daga ciyawa zuwa bakin ruwa kamar an share ta da tsintsiya. Mahauci ya ce bai taɓa ganin shimfiɗa mai kyan wannan ba. Muka baza tabarmi a bakin gangarar, muka kafa sanduna muka ɗaura sange, almajiri ya tafi neman itace.

Muna cikin alwalar magariba sai ga wani tsoho Basarke a ƙaramin kwalekwale, yana dawowa daga ɗana mamari. Ya yi sallama, ya dubi tabarminmu, ya dubi gangarar, ya ce, "Malam, wa ya saukar da ku a nan?"

Muka ce, "Babu kowa, Baba. Dare ne ya yi mana."

Ya ce, "To ku naɗe. Wannan ƙofar gidan wani ce, kuma yanzu zai fito."

Ya sauko ya haska mana da tocilarmu. Gangarar tana da kwari biyu a jere da ɗan tudu a tsakaninsu, ga sawu mai yatsu huɗu, faɗinsa ya kai faifai, ga kashi an watsa a kan ciyayin gefe. Turbar dorina ce. Dorina takan yini a ruwa, da dare ta hau tudu kiwo, kuma hanya ɗaya take bi kullum. Wanda ya shiga tsakaninta da ruwa, musamman mai ɗa, ba kasafai yake ba da labari ba. Mahauci ya so ya yi gardama, ya ce ai wuta za ta kore ta. Tsohon bai amsa masa ba, ya ci gaba da ɗora kayanmu a kwalekwale.

A tungarsa muka kwana, bukkokin zana shida a kan wani tudu, ƙarƙashin rumfar da ake banda kifi. Hayaƙin ya kore mana sauro, ya kuma bar mana ƙamshin tarwaɗa a riguna har muka dawo gida. Can tsakar dare muka ji gurnani daga wajen da muka baro, mai kauri kamar ana jan turmi a kan dutse. Babu wanda ya ce uffan, sai da asuba mahauci ya ciro goro goma mafiya kyau ya ajiye a gaban tsohon.

Shi ne kuma ya gargaɗe mu game da tsibirai. Matafiyi kan ga gungu a tsakiyar ruwa ya ɗauka ya fi ko'ina aminci. Amma tun ranar 12 ga Yuli 2005, da Kotun Duniya ta birnin Hague ta yanke hukunci tsakanin Benin da Nijar, iyaka tana bin inda ruwa ya fi zurfi ne, kuma a cikin tsibirai 25 an ba Nijar 16, har da Lete, aka bar wa Benin 9. Mutum na iya shimfiɗa tabarma yana hangen garin da ya baro, alhali a wata ƙasa ya kwana ba da takarda ba.

Dare na huɗu a ruga ya same mu, gaba da Kompa. Ita ma da ladabinta. Ana yin sallama daga nesa, a tsaya har namiji ya fito, ba a ratsa garke, ba a zagayawa ta ɓangaren mata. Aka shimfiɗa mana agiri kusa da wutar da ake hura wa shanu, aka kawo ƙwaryar nono mai ɗumi. Dattijon rugar ya yi mana bayanin inda tsando ke da yawa da inda kububuwa ke kwanciya a kan hanya bayan faɗuwar rana, ya ce kada mu saka takalmi da safe sai mun kakkaɓe shi saboda kunama. Ya kuma yi mana kukan da kowane makiyayi ke yi a wannan yanki, cewa ciyawa na cikin gandu, shanu na waje, gonaki sun cinye burtali. Abin da ke raunana ruga a matsayin zango shi ne ba ta da tabbas. Da muka biyo ta wurin a kan hanyar dawowa, toka da turaku kawai muka tarar.

Na biyar a Monsai muka yi shi, a ɓangaren da har a takardun hukuma ake kira Monsai Hausa, domin a bambanta shi da Monsai Dendi. Maigari ya yi tafiya, liman ya saukar da mu a rumfar masallaci. Masallaci masaukin wanda bai san kowa ba ne, ba a korar mutum, amma ba wurin ajiye kaya ba ne, kuma kwana ɗaya ya isa. Washegari muka isa Pekinga, muka tsaya inda koren ruwan Mekuru ke shiga Kwara, Bumba ta ƙasar Nijar na tsallake.

A nan almajirinmu ya ce tunda mun zo, mu bi Mekuru sama mu ga giwaye. Wani mai gadin daji da muka tarar a garin ya yi dariya, ya zaunar da mu ya warware mana yadda abin yake. An kafa wannan gandu a 1954, ya ratsa ƙasashe uku, Benin da Nijar da Burkina Faso, kuma ya samo sunansa daga lanƙwasar da Kwara ta yi a ɓangaren Nijar mai kama da harafin boko W. Ba a shiga sai ta ƙofa, da takarda, da ɗan jagora. Ba a farauta, ba a kiwo, ba a sa wuta, ba a kwana sai a sansanin da aka keɓe. Bayan shekara uku mun ga haka da idonmu, lokacin da muka raka wasu baƙin Maigida a mota. Muka shiga ta Alfakwara da ke kan hanyar Kandi, muka hau dandamalin kallo muka ga giwaye sun zo shan ruwa, daga bisani muka kwana a sansanin baƙi na Kudu, inda Mekuru ke gangarowa ta kan duwatsu. A can muka fara kwana a tanti, muna jin gwaggon biri na haushi a tsallaken ruwa, mai gadi na zaune a bakin wuta. Da muka yi tunani muka ga tsarin bai bambanta da na Molla ba. Takardar shiga ta tsaya a matsayin wasiƙar Maigida, kuɗin ƙofa a matsayin goro, ɗan jagora shi ne yaron da maigari ke haɗa ka da shi. Tantin kuwa, da ba don mai gadin nan ba, ƙyalle ne kawai tsakaninmu da daji.

Da muka kai nan a karatu, Maigida ya ɗaga hannu muka rufe littafi. Sauran labarin samarin sun san shi, domin a gabansu ya faru. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya ɓangarenmu na gandun a jerin kayan gadon duniya tare da Arli da Penjari, a 2020 gwamnati ta damƙa kula da shi ga ƙungiyar African Parks, muka yi zaton baƙi za su ƙaru. Sai ga masu ɗauke da makamai sun gangaro daga Sahel sun shiga dajin. A Fabrairun 2022 nakiyoyi suka kashe mutum 9 a cikin gandun, 5 daga cikinsu masu gadin daji. A Afrilun shekarar aka kai hari ofishin 'yan sanda na Monsai, garin da muka kwana a masallacinsa. A ƙarshen Yulin 2023, bayan juyin mulkin Yamai, muka wayi gari gadar da ta haɗa mu da Gaya a rufe, 'yan'uwa na ƙetarawa a kwalekwale domin gaisuwar mutuwa. Ranar 17 ga Afrilu 2025 aka far wa sojoji a Kudu da kuma wurin da iyakokin ƙasashen uku suka haɗu, gwamnati ta sanar da rasuwar 54. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Duk da haka Maigida bai ce a'a nan take ba. Ya ce a ba shi kwana uku, ya sa mu nemo lambobin gidajen da ke cikin littafi mu kira su ɗaya bayan ɗaya. Bakaben Karimama ya rasu, 'ya'yansa sun koma Kandi. Tsohon Basarke ma ya rasu, kuma an ce mana ambaliyar 2010 ta tashi tungarsa, ba a sake zama a wurin ba. Kiran da ya fi tsaya mana a rai shi ne na wani gari da ke gaba da Karimama, inda muka samu ɗan wani dattijo da ya taɓa shayar da mu fura a ƙofar gidansa. Ya gane mu, ya yi murna, ya tambayi lafiyar Maigida. Da muka faɗi buƙata sai ya yi shiru har muka ɗauka layi ya yanke.

Ya ce, "Malam, ka san gidanmu. Mahaifina bai taɓa rufe zaure ba. Amma yau idan baƙo ya kwana a wurina, da safe hukuma za ta tambaye ni ko wane ne, da dare kuma waɗancan za su aiko su tambaye ni ko wane ne. Duk amsar da na bayar akwai wanda ba za ta yi wa daɗi ba, kuma ina da 'ya'ya. Su zo da rana su sha ruwa. Kwana kam, ka yafe mini."

Muka ce babu komai, Allah ya kawo sauƙi. Ya ce, "Don Allah kada ka gaya wa Maigida cewa na ƙi." Mun gaya masa, domin aikinmu ke nan. Maigida ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce a aika wa mutumin da turmin atamfa da goro, a ce yana gaishe shi, kuma ya yi daidai.

A rana ta uku aka tara samarin. Maigida ya ce zango ɗaya ne ya amsa, saboda haka kwana ɗaya za su yi. Za su tafi Molla su kwana a zauren maigari, su juyo washegari. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. Za a sanar da hukuma kafin su tashi. Ba ɗaukar hoton jami'in tsaro ko shingensa, ba tafiyar dare, ba tsallakawa tsibiri. Tantunan kuma za su zauna a ɗakinmu, domin a irin wannan zamani samari biyar da tanti a bakin daji, kafin su buɗe baki su yi bayani an riga an yanke musu hukunci daga nesa.

Ransu bai so ba. Babban ya ce, "Ranka ya daɗe, Molla ai ko a babur ba ta kai awa ɗaya ba. Mu dajin muke son gani."

Maigida ya ce, "Na sani, ɗana. Ni ma ina son ku gan shi. Amma ban da wanda zan damƙa ku a hannunsa a can, kuma ban iya aika 'ya'yan mutane inda babu mai karɓarsu."

Ƙaraminsu, wanda ya yi karatun Ahalari da Iziyya a gabanmu, ya matso ya tambaye mu a hankali, "Baba Malam, za mu yi ƙasaru?" Muka ce masa a'a, tafiyar ba ta kai ba. Wannan amsa ta fi yi mana nauyi a baki fiye da duk abin da aka faɗa a zauren, domin a ranar muka auna yadda ƙasar da ɗanmu zai iya takawa da ƙafarsa ta ƙanƙance a cikin shekaru ƙasa da ashirin.

Sun tafi ranar Asabar bayan asuba, sun dawo Lahadi da la'asar, ƙafafu sun yi bororo, fuska ta yi baƙi. Zauren na nan, an yi masa rufin kwano. An kawo musu akushi uku. Sun ce ba a bar su sun kwanta ba sai da dare ya raba, ana tambayarsu labarin gada da farashin buhun shinkafa. Wani masunci ya nuna musu sawun dorina a bakin ruwa, suka ɗauki hotonsa da takalmin ɗayansu a gefe domin a ga girma. Da safe aka haɗa su da yaro ya raka su har ƙarshen gonaki. Babban ya ce mana abin da ya fi ba shi mamaki shi ne wata tsohuwa da ta leƙo zauren ta tambaya ko a cikinsu akwai ɗan mahaucin nan mai gardama, domin har yau ana ba da labarinsa da dorina a bakin kogi.

Maigida ya umarce mu da mu juya rubutun gefen littafin daga ajami zuwa boko, mu ba kowane ɗaya daga cikin samarin kofi, mun kuwa fara. Muna roƙon 'yan'uwa da ke karanta wannan shafi daga Garu da Madekali da Gene da garuruwan Karimama, duk wanda ya san wani tsohon zango, ko mashigi, ko gidan da aka san shi da saukar baƙi, ya tambayi dattawan gidansu tun suna raye, ya rubuta ya ajiye, ko da yau ba a iya zuwa wurin. Hanya takan rufe ta sake buɗewa, kuma ranar da ta buɗe za a nemi wanda ya san inda ake sauka.

A daren Lahadin muka buɗe rajistar a shafin da babu rubutu, muka sa kwanan wata, muka rubuta sunayen samarin biyar, a gefe muka rubuta: Molla, zauren maigari, kwana ɗaya. A ƙarƙashinsa muka ja layi huɗu muka bar su fayau, na Karimama, da na Kompa, da na Monsai, da na Pekinga. Tantunan biyu suna nan a kan sif ɗin ɗakinmu, a naɗe cikin jakunkunansu.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya tsare matafiya da masu saukar da su.